Yadda Mai Shan Maganin Tsinka Jini Zai Shirya wa Tiyata

Mai shan maganin tsinka jini, ranar da likita ya ce za a yi masa aiki, ya shiga halin gaba kura baya siyaki. In ya ci gaba da sha har ranar tiyata, jini na iya ƙin tsayawa, ko a ɗakin aiki ko bayan an ɗinke. In kuma ya daina da wuri, ko ya daina bai koma ba, gudan jinin da ake gudu tun farko zai iya dawowa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta huhu, ko ya maƙale a bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke buɗewa tana rufewa don jini ya wuce. Mutane sun fi tsoron na farko saboda ana ganinsa da ido. Na biyun kuwa ba ya sallama, sai dai a wayi gari a ga baki ya karkace.

Likitoci suna da lissafin wannan abu, kuma lissafi ne na kwanaki da awoyi. Inda ake samun matsala shi ne tsakanin ofis da ofis: likitan zuciya ya ɗauka likitan tiyata zai yi bayani, likitan tiyata ya bar wa mai allurar barci, shi kuma mai allurar barci sai ana gobe aiki yake ganin majiyyaci. Don haka aikinka ɗaya ne, kuma kada ka ji kunyar nacewa a kansa: ka fito daga asibiti da takarda rubutacciya mai ɗauke da ranar da za ka sha ƙwaya ta ƙarshe, da ranar da za ka koma sha, da sunan wanda za ka kira in abu ya canja. Alƙaluman da ke ƙasa tsari ne na gama-gari don ka san abin da za ka tambaya. Mai yanke hukunci shi ne likitan da ya san zuciyarka da ƙodarka.

Fara da sanin sunan maganinka da dalilin shansa

"Ina shan maganin jini" ba amsa ba ce, don a asibiti wannan na iya nufin maganin hawan jini ko na ƙarin jini. Duba jikin kwali ka kwafe sunan yadda yake, da yawan miligiram. Kada ka dogara da launin ƙwaya, kowane kamfani da nasa.

Magungunan rukuni uku ne, ko huɗu in an haɗa da allura. Akwai warfarin, tsohon hannu, wanda ake ba mutane tun 1954 kuma shi ne ake bin sawunsa da gwajin INR, mai auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Akwai sababbin da ba sa buƙatar wannan gwaji: rivaroxaban wato Xarelto, apixaban wato Eliquis, dabigatran wato Pradaxa, da edoxaban. Akwai masu hana ƙananan ƙwayoyin jini manne wa juna: asfirin, wanda da yawa suka sani da Vasoprin, da clopidogrel wato Plavix, da ticagrelor, da prasugrel. Sai allurar heparin da 'yar'uwarta enoxaparin, wadda aka fi sani da Clexane.

Dalilin shan ma ya fi sunan muhimmanci. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya ba ɗaya yake da wanda ke da bugun zuciya mara tsari ba, kuma su biyun ba ɗaya suke da wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa shekara biyar da suka wuce ba. A nan arewa muna da matasa da yawa, musamman mata, da zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya lalata musu bawul tun suna yara, wasu an je Indiya an canja musu. Waɗannan su ne suka fi kowa shiga haɗari idan aka dakatar da magani da ka.

Faɗa da wuri, kuma ka tafi da ledar magungunanka gaba ɗaya

Ranar da aka fara maganar aiki, ranar za ka faɗa, ko an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba. In da hali, a ce akwai mako biyu a gaba. Ka zazzage ledar a kan tebur: na asibiti, na kemis, na gargajiya, duk. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, da haɗe-haɗen da masu kemis ke ƙulla wa mutum a leda don gajiya, suna ƙara haɗarin zubar jini. Jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin tafarnuwa, citta ko kurkum da ake sha a matsayin magani su ma a faɗe su. Wanda ake sawa a miya ba shi ne abin damuwa ba. Likita ba zai yi faɗa don ka ce kana shan jiƙo ba, in ma ya yi, faɗan ya fi sauƙi a kan ɓoyewar.

Za a nemi gwajin yawan jini da gwajin ƙoda, da INR ga mai warfarin. Kada ka raina na ƙoda. Sababbin magungunan ta nan wani kasonsu ke fita, dabigatran ma kusan kashi 80 cikin 100, don haka ƙoda mai rauni tana riƙe magani a jiki fiye da yadda kalanda ta nuna.

Tambaya ta farko: dole ne ma a dakatar?

Sau da yawa amsar ita ce a'a. Cire haƙori ɗaya ko biyu, aikin yanar ido, ɗan yanka a fata, leƙen ciki da na'ura ba tare da an yanko komai ba, duk ana yinsu mutum yana kan maganinsa. Ga mai warfarin, likitan haƙori zai so ganin INR na kwana ɗaya zuwa uku kafin aiki, kuma ya kasance ƙasa da 4. Bayan ya cire, zai cusa abin tsayar da jini a ramin, ya ɗinke in da buƙata, ya sa ka cije auduga, wani lokaci ya ba ka ruwan tranexamic acid na kurkure baki. Mai shan sababbin magungunan, a kan ce ya tsallake ko ya jinkirta na safiyar ranar kawai. A ganina babu asarar da ta kai a ce mutum ya shanye ɓarin jiki saboda an dakatar masa da magani mako guda don cire haƙori.

Tambaya ta biyu ita ce ko aikin zai iya jira. Wanda jini ya daskare masa a ƙafa ko a huhu, ko ya samu shanyewar ɓarin jiki, cikin wata 3 da suka wuce, yana cikin lokacin da gudan jini ya fi saurin dawowa. In aikin ba na gaggawa ba ne, kamar gwaiwa da ba ta maƙale ba, a bari watannin su cika. Haka wanda aka sa wa ɗan bututun waya a jijiyar zuciya, abin da likitoci ke kira sitent: an fi so a jira wata 6, har zuwa shekara in bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya, ne ya sa aka saka shi.

Kalandar mai shan warfarin

Warfarin yana hana hanta amfani da bitamin K wajen ƙera sinadaran daskarar da jini. In ka daina, sai hanta ta ƙera sababbi, abin da ke ɗaukar kwanaki. Shi ya sa ake tsallake kwana 5 cikakku. Mai lafiya INR ɗinsa kusan 1 ne, mai warfarin ana riƙe shi tsakanin 2 da 3, mai bawul na ƙarfe wani lokaci 2.5 zuwa 3.5. Don babban aiki ana so ya sauko ƙasa da 1.5.

A ce aikin ranar Laraba ne. Ƙwayarka ta ƙarshe ita ce ta ranar Alhamis ɗin makon da ya gabata. Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin da Talata babu sha. Ranar Talata da safe ka je a ɗibi jini a duba INR, kuma ka tsaya sai ka karɓi sakamako ka kai wa likita da hannunka. In bai sauko ba, akwai sauran lokaci a ba ka ɗan bitamin K ta baki, miligiram 1 zuwa 2, a sake dubawa da asubar Laraba. In aikinka ya faɗo Litinin, lura cewa ranar gwaji Lahadi ce, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin INR ranar Lahadi ba. Ka shirya wannan tun ranar Juma'a.

A kwanakin nan kada ka yi wa kanka dabara da abinci. Ganye irin su alayyafo, zogale da kabeji suna da bitamin K, amma ba a ce ka daina ci ba, ba a kuma ce ka narka don INR ya sauka ba. Ci yadda ka saba.

Yanzu ga wurin da ya fi rikitarwa. Tunda za ka yi kwanaki babu kariya, a da kusan kowa ana cike masa gurbin da allurar heparin. Wani bincike mai suna BRIDGE da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2015, ya sauya wannan. An ɗauki mutum 1,884 masu bugun zuciya mara tsari, aka yi wa rabi allurar, rabi ba a yi ba. Toshewar jijiya ta zo kusan daidai, kashi 0.3 da 0.4 cikin 100, amma mummunan zubar jini ya kai 3.2 ga waɗanda aka yi wa allura, 1.3 ga waɗanda ba a yi wa ba. Tun daga nan yawancin masu irin wannan ciwo ba a yi musu. Sai dai binciken bai haɗa da masu bawul na ƙarfe ba. Har yanzu ana cike gurbi ga mai bawul na ƙarfe, musamman na tsakanin ɗakunan zuciya biyu na hagu, da wanda gudan jini ko shanyewa ta same shi cikin wata 3, da wasu masu tsukewar bawul daga zazzaɓin nan na yarinta.

In kana cikinsu, a misalinmu na Laraba za ka fara allurar Clexane ranar Lahadi, yawanci miligiram 1 ga kowane kilo na nauyinka, safe da dare. Ta ƙarshe ita ce ta safiyar Talata, awa 24 kafin aiki. Daren Talata babu, safiyar Laraba babu.

Allurar ba wuya, kuma nas za ta nuna maka. Ka wanke hannu, ka zauna ka ɗan kishingiɗa. Zaɓi gefen ciki, kamar faɗin yatsa uku daga cibiya. Ka kamo fata da yatsu biyu ta taso, ka soka allurar a tsaye har ƙarshenta, ka tura a hankali fatar tana hannunka. Za ka ga ɗan kumfar iska a cikin sirinji, kada ka fitar da shi, da shi aka yi ta. In ka zare, kada ka murza wurin, murzawa ce ke kawo baƙin tabo. Gobe ka koma ɗaya gefen.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar ka koma Xarelto ko Eliquis don sun fi sauƙin lissafi. Ga mai bawul na ƙarfe ba a amince da su ba. Gwajin da aka yi da dabigatran an tsayar da shi tun bai ƙare ba saboda toshewa da zubar jini duk sun ƙaru. Ga masu ciwon bawul na yarinta da bugu mara tsari ma, binciken INVICTUS na 2022, mai mutum sama da 4,500 daga Afirka, Asiya da Latin Amurka, ya nuna waɗanda ke kan warfarin sun fi waɗanda ke kan rivaroxaban tsira da rai.

Masu shan sababbin magunguna

Nasu gajere ne, don maganin yana fita da sauri kuma yana kamawa cikin awa biyu zuwa huɗu. Ba sa buƙatar allurar cike gurbi. Tsarin da aka gwada a binciken PAUSE na 2019 a kan mutum 3,007 shi ne: aiki mai ƙarancin zubar jini, a tsallake kwana 1, babban aiki, kwana 2. Ga aikin Laraba ke nan, na ƙarshe Litinin ko Lahadi. Mai dabigatran da ƙodarsa ta yi rauni, a ninka, kwana 2 ko 4. Wani kuskure da ake yi shi ne a ce wa mai Eliquis ya daina mako guda, ya zauna kwana biyar a banza babu kariya.

Asfirin da clopidogrel

Waɗannan suna kashe ƙarfin ƙwayar jinin har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10, sai jiki ya yi sababbi. Wanda ke shan asfirin saboda ya taɓa samun bugun zuciya ko yana da sitent, a mafi yawan ayyuka ana barinsa ya ci gaba, ban da irin aikin ƙwaƙwalwa da na laka. Wanda kuwa ke sha don rigakafi kawai, a kan ce ya daina mako guda kafin aiki. Clopidogrel kwana 5 zuwa 7, ticagrelor 3 zuwa 5, prasugrel 7. Mai sitent da ke shan biyu a haɗe, kada ya ajiye ko ɗaya sai likitan zuciya ya sa hannu, ko da likitan tiyata ne ya ce. In sitent ya toshe, bugun zuciya ne nan take.

Allurar baya

Tambayi mai allurar barci tun da wuri ko ta baya za a yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Ita ake yawan yi a aikin haihuwa, gwaiwa, mafitsara da ƙashin ƙafa. Ɗan jini kaɗan in ya taru kusa da laka yana iya danne ta ya kashe ƙafafu, don haka ƙa'idarta ta fi tsanani: awa 12 bayan ƙaramar allurar Clexane ta rigakafi, awa 24 bayan cikakkiya, kuma yawancinsu suna neman awa 72 bayan sababbin magungunan. Mai shan sababbin da dare, na daren Asabar ke nan na ƙarshe ga aikin safiyar Laraba. Za a tambaye ka ƙarfe nawa ka sha na ƙarshe. Faɗi gaskiya. In ka manta ka sha, a ɗage aikin ko a canja salon barcin, ba abin kunya ba ne.

Mai juna biyu da ke kan Clexane, da zarar naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko ta ga jini, kada ta ƙara yin allura, ta nufi asibiti ta faɗi lokacin ta ƙarshe. Wadda ke kan warfarin saboda bawul, a kan mayar da ita heparin wajen mako na 36. Bayan haihuwa ana shayarwa lafiya a kan warfarin da Clexane, amma ban da sababbin.

In aka ɗage aikin

Wannan kam mun saba da shi: yajin aiki, babu wuta, ba a samu jini ba, layi ya yi tsawo. Mutum ya yi kwana biyar babu magani, sai a ce "Baba, sai dai wani makon, a yi haƙuri." Kafin ka ɗauki jakarka, ka ce, "Likita, to maganin nawa fa? In koma sha yau, ko a yi min allura?" In ɗagewar ta kwana ɗaya ko biyu ce, wataƙila a riƙe ka da allura. In ta mako ce ko babu rana, a kan ce ka koma maganinka a sake lissafi daga farko. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka koma gida ka zauna haka nan kana jiran kira.

Komawa kan magani

Nan ne aka fi yin sakaci, don hankalin kowa ya koma kan ɗinki da kuɗin sallama. Warfarin a kan mayar da shi daren ranar aiki ko washegari, in jini ya tsaya kuma kana iya haɗiya, a kan adadin da ka saba. Ba a ninkawa don a rama kwanakin baya. Zai ɗauki kwana 5 ko fiye kafin ya kama, shi ya sa wanda aka cike wa gurbi zai koma allura, bayan awa 24 in ƙaramin aiki ne, awa 48 zuwa 72 in babba ne, ya haɗa su biyun har INR ya shiga inda ake so. Sababbin magungunan, da yake suna kamawa nan da nan, sai bayan kwana 1 ga ƙaramin aiki, kwana 2 zuwa 3 ga babba. Rivaroxaban mai miligiram 15 ko 20 sai da abinci yake shiga jiki sosai, don haka in har yanzu ba ka fara ci ba, a sanar da likita.

Duba takardar sallama layi-layi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Flagyl, Septrin da ciprofloxacin, da fluconazole, suna cilla INR sama, rifampicin na tarin fuka kuma yana ja da shi ƙasa. In an rubuta ɗaya daga ciki, a sa maka ranar gwaji cikin kwana 3 zuwa 5. Don ciwo, farasitamol ne abokin tafiya, ban da diclofenac da ibuprofen sai da izini. Ka tashi ka taka da zarar an ba ka dama, 'yan dubiya su yi haƙuri, kwanciya tana haifar da gudan jini a ƙafa.

Ka koma asibiti a take, ko tsakar dare ne, in bandeji yana jiƙewa da jini bayan ka danne minti goma, ko wurin aiki yana kumbura yana tauri, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko ka ga jini a fitsari ko amai, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko. Haka in baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya mutu, ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji. Wanda aka yi wa allurar baya, in ƙafafu suka sake yin nauyi bayan sun farfaɗo, ko fitsari ya ƙi fita tare da ciwon baya, wannan maganar awoyi ce, ba ta jiran gari ya waye.

Abin da ya shafi wuƙar likita ya shafi askar wanzami. Ƙaho, sakiya, cire beli, tsaga, duk fitar da jini ne, kuma wanzami ba shi da bitamin K a zabirarsa. Mai shan waɗannan magunguna ya haƙura da su.

Aikin gaggawa

Haɗarin mota ko hanji da ya murɗe ba sa ba da kwana biyar. Akwai hanyar karya ƙarfin magani: warfarin da allurar bitamin K da ruwan jini ko sinadaran daskarewa da aka tace, heparin da protamine, dabigatran da Praxbind. Wasu daga ciki suna da tsada kuma ba kowane asibiti ke ajiye su ba, don haka sau da yawa abin da likita ke aiki da shi shi ne sanin me ka sha da ƙarfe nawa. Kai kuma a lokacin mai yiwuwa ba ka cikin hayyacinka. Ka yanki ɗan kati ka rubuta sunan maganin, adadinsa, lokacin da kake sha, dalilin sha, rukunin jininka, da lambar likitanka. Ɗaya a aljihu tare da katin shaida, ɗaya a hannun matarka ko mijinki ko babban ɗa, hotonsa kuma a waya. Duk ranar da aka canja maka magani ko adadi, ka yaga tsohon ka rubuta sabo.